Amshi da kwafa: yadda yaro ke kai aji huɗu bai iya karatu ba

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce na sauka a gidan ƙanwata. Bayan an ci abinci sai ta ƙwala wa 'yarta kira, wadda ke aji uku a firamare, ta ce, "Ɗauko littafinki ki karanta wa Kawu ya ji." Yarinya ta ɗauko littafin Turanci, ta buɗe shafin da aka yi musu a makon ƙarshe, ta ɗora yatsa ta shiga zubo karatu ba gargada. Uwar sai murmushi take yi. Ni ma na yaba, amma na lura wani lokaci yatsan kan riga bakin isa ƙarshen layi, wani lokaci kuma bakin ya bar yatsan a baya. Da ta dire sai na rufe hoton shafin da tafin hannuna, na nuna mata kalma ɗaya a tsakiyar layi na huɗu, na ce, "Wannan fa?" Ta yi shiru. Can sai ta koma farkon shafin tana motsa leɓe, tana ƙirgowa kalma-kalma har ta iso inda yatsana yake, sannan ta faɗa. Daidai kuwa ta faɗa. Na ciro biro na rubuta mata "kaza ta sha ruwa" a bangon littafin. Ta daɗe tana kallon rubutun, sannan ta ɗago kai ta ce, "Kawu, ba a yi mana wannan ba."

Littattafan rubutunta cike suke maƙil, rubutu tsaf kamar na inji, kowane shafi da makin malami na jan biro. Kuma yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Wanda zai haddace shafi guda a harshen da ba ya ji, har ya iya ƙirgo kalma ta ashirin da wani abu daga farko, ai kansa yana ja. Abin da aka koya mata shi ta iya: an koya mata amshi, malami ya faɗa aji ya maimaita, an kuma koya mata kwafa daga allo. Karatu da rubutun ne ba a kai ga koya mata ba, kuma shekara uku babu wanda ya lura, domin in ka tsaya daga bakin taga, amshi da karatu kamarsu ɗaya.

Mu a Arewa in ana zancen ilimi, bakinmu ya fi saurin zuwa kan yaran da ba sa zuwa makaranta. Zance ne mai nauyi, amma ya rufe wani. A 2019 Bankin Duniya da hukumar UNESCO suka fito da wani ma'auni da suka kira talaucin koyo, wato yaro ya kai shekara 10 bai iya karanta ɗan gajeren labari ya gane abin da ya ƙunsa ba. Ƙiyasin da aka fitar a 2022 ya ce yara 70 cikin 100 ne ke cikin wannan hali a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, a Afirka kudu da Sahara kuwa 89 cikin 100. Lissafin ya haɗa da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, ya kuma haɗa da masu fita kowace safiya da yunifom da jaka da kuɗin tara.

To mene ne karatun kansa? Wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun yi bayaninsa a 1986 ta hanyar da har yau ba a sami wadda ta fi ta sauƙi ba. Suka ce fahimtar rubutu abu biyu ne aka ninka da juna: iya mayar da haruffa sauti, da kuma jin harshen da aka yi rubutun da shi. Da yake ninkawa ce, in ɗaya ya zama sifiri, duka sun tashi a sifiri. Mu kam ba sai an je da mu nesa ba wajen misali. Da yawanmu za mu karanta shafin Larabci da kyakkyawan lafazi, a tambaye mu ma'ana mu yi zuru. Muna da na farko, ba mu da na biyu. Ga kuma tsohuwa a ƙauye wadda babu karin maganar da zai shige mata duhu, amma ko sunanta aka rubuta ba za ta gane ba. Tana da na biyu, ba ta da na farko. Yaron da aka ɗauko daga gidan da Hausa kaɗai ake yi, aka zaunar da shi a aji ɗaya aka buɗe masa littafin Turanci, an haɗa masa rashin duka biyun a rana guda. Bai san haruffan ba, in ma ya yi sa'a ya furta kalmar, bai san abin da ya furta ba. Hadda ce kaɗai ƙofar da ta rage masa, kuma ita yake bi.

Abin takaicin shi ne yaron nan ya zo makaranta da rabin aikin a game. Ɗan shekara shida ya riga ya mallaki dubban kalmomin Hausa, ya iya gardama, ya iya kai ƙara, ya iya zolaya, ya iya tsara ƙarya mai kai da ƙafa in ya fasa kofi. Saura kawai a nuna masa yadda ake zana abin da ke bakinsa. Rubutun boko na Hausa kuwa yana cikin masu sauƙin koyo. Wasula biyar ne, kusan kowane baƙi sautinsa ɗaya ne ba ya sauyawa, yawancin gaɓoɓi kuma baƙi ne da wasali. Yaron da ya san sautin k da z da a, "kaza" ta zama tasa. A ƙara masa f da r, ga "fara" da "kara" da "zara" sun shigo hannu ba tare da kowa ya haddatar da shi ba. Wani bincike da aka buga a 2003 ya kwatanta yaran ajin farko a harsuna 13 na Turai. Waɗanda rubutunsu ke bin lafazi sau da ƙafa, irin su Finlan da Italiya da Sifen, yawancin yaransu kafin shekarar farko ta ƙare sun iya karanta kalmomi. Yaran da ke koyo da Turanci, waɗanda a gida ma Turancin suke yi, sun ɗauki fiye da ninki biyu na wannan lokaci. Wato mun ajiye rubutu mai sauƙi a harshen da yaro ke ji, mun fara masa da mai wuya a harshen da ba ya ji.

Ba wai rubutun Hausa ba shi da nasa tarko ba. Ba ma nuna tsawon wasali, ba ma nuna karin sauti. "Ya shiga gari ya sayo gari." "Fara ta fara cin dawa." Idon mai karatu yana ganin kalma iri ɗaya sau biyu, kunnensa ne ke raba su, kuma kunnen ba zai raba ba sai yana bin ma'anar jimlar. Ga haruffa masu lanƙwasa, waɗanda in aka yi sakaci da su "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓari" ya koma "bari", baƙi su koma baki. Ga tagwayen baƙaƙe irin su ts da sh da ƙw da gy, ga kuma ninkin baƙi da ke raba "baba" da "babba". Waɗannan duk sai an koyar da su ɗaya bayan ɗaya, da gangan, ba a barin yaro ya tsinta. Sai dai ga ɗan Bahaushe tarkon ba mai zurfi ba ne, domin da ya furta kalma ba daidai ba kunnensa zai gaya masa jimlar ba ta zauna ba, ya koma ya gyara. Wannan komawa ya gyara da kansa ita ce alamar farko da ke nuna yaro ya fara karatu na gaske. Mai amshi ba ya gyara kansa, don bai san ya kauce ba.

Akwai abin da makarantar allo ta riga boko ganewa a nan. Almajiri yakan fara da babbaƙu, ya san haruffa tsurarsu, sannan farfaru, a ɗora musu wasali, daga nan ya shiga haɗawa. Mataki-mataki ne, ba a tsallake. Abin da ya fi burge ni ma shi ne kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma ba a wanke allo sai yaro ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai an ji. A firamare kuwa shekara ce ke ciyar da yaro gaba. In Satumba ta zo duk aji biyu sun zama aji uku, wanda ya iya da wanda bai san harafin farko na sunansa ba. Gaskiya ne manufar allo tilawa ce da hadda, ma'ana sai an je makarantar ilimi daga baya, don haka ba komai nata ne zai dace da ajin boko ba. Amma mun ɗauko rera karatu da murya ɗaya mun kai firamare, mun baro sauraron yaro shi kaɗai, alhali shi ne ya fi amfani.

Sai kuma waƙar ABCD, wadda iyaye ke jin daɗi in ɗan shekara uku ya rera ta. Sunayen haruffa ne na Turanci, kuma suna karo da na Hausa ta hanya mai rikitarwa. Harafin da Bature ke kira "e" shi ne a namu. Wanda yake kira "i" shi ne e namu. Wanda yake kira "ai" shi ne i namu. C da muke cewa "ci" da "ce" da ita, a can "si" ce. Yaro ya rera "A for apple" shekara biyu, sunan harafin daban, sautin da ke farkon kalmar daban, tuffar ma sai dai ya hango ta a tiren mai talla a bakin titi. Ranar da aka ce ya haɗa b da a, sai ya ce "bi-e". Ba laifinsa ba ne, abin da aka ba shi ya haɗa.

Gwamnati kuwa ta daɗe tana kai gwauro tana kai mari a kan maganar harshe. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyarwa a firamare da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi, daga baya a koma Turanci, bugun da suka biyo baya suka fayyace cewa shekara ukun farko ake nufi. Kafin nan ma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi musu fintinkau. A Nijar tun 1973 aka fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa. A Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sanar cewa Majalisar Zartarwa ta amince a koyar da harshen uwa duk shekara shida na firamare, shi da kansa kuma ya ce sai an tanadi littattafai da malamai kafin abin ya tabbata. Shekara uku bayan nan, a Nuwamban 2025, ministan ilimi Dakta Tunji Alausa ya sanar an soke wannan manufa, an koma Turanci tun daga tushe. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen uwa.

Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Yaron da ya zauna WAEC a 2025 ya shiga aji ɗaya wajen shekara goma sha biyu kafin nan, manufar 2022 ba ta taɓa shi ba. Sannan duk wanda ya leƙa ajin makarantar gwamnati a Arewa ya san abin da ake yi a ciki: littafi na Turanci, rubutun allo na Turanci, jarrabawa ta Turanci, bayani kuma da Hausa don malam ya san in bai yi haka ba babu mai gane shi. Yaro yana jin Hausa amma ba a koya masa karanta ta ba, yana kwafar Turanci amma ba a koya masa jin sa ba. An dai soke abin da ba a taɓa aiwatarwa yadda ya kamata ba, aka ɗora masa laifin faɗuwa.

Iyayen da ke cewa su Turanci suka kai 'ya'yansu su koyo, ba na ganin bekensu. Da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman aiki, da shi ake cike fom a banki. Uban da ke biyan kuɗin makarantar kuɗi da gumin goshinsa yana da haƙƙin ya ji ɗansa na Turanci. Makarantun kuɗi sun gane haka, shi ya sa wasunsu ke cin tarar yaro ko su zane shi in an kama shi yana "banakula", wai don ya yi harshen uwarsa a filin wasa. Inda aka yi kuskure shi ne zaton da ake yi cewa kowace sa'a da aka ba Hausa an ƙwace ta ne daga Turanci. Fasa rubutu zuwa sauti sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Wanda ya gane a Hausa cewa harafi sauti ne, ana haɗa su daga hagu zuwa dama, jimla tana ɗauke da magana, da wannan sanin zai shiga Turanci, sai dai a nuna masa inda ƙa'idar ta bambanta. Abin da Turanci ke buƙata a aji ɗaya da biyu shi ne kunne da baki: gaisuwa, waƙa, umarni, sunayen abubuwa, gajerun labarai, kullum. In rubutunsa ya zo daga baya sai ya tarar da kalmomi suna jiransa.

Malamin fa? Sauƙi ne a ɗora masa komai. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Matsalar ingancin malamai gaskiya ce. Amma ko malamin kirki ka ɗauko, ka duba abin da ke gabansa. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35. A makarantun cikin birane da yawa aji ɗaya kan haura ɗari, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. In darasi minti 35 ne yara kuma 100, ko minti ɗai-ɗai ya ce zai ba su bai kai rabinsu ba an kaɗa ƙararrawa. Amshi shi ne dabarar da ke sa yara ɗari su yi abu ɗaya a lokaci ɗaya ba tare da aji ya hargitse ba, kwafa kuma ita ce ke zaunar da su shiru. Ga shi malamai da yawa sun gama NCE ba a taɓa tsayawa an nuna musu a aikace yadda ake ɗaukar yaro daga sauti zuwa gaɓa zuwa kalma ba. In mai duba makarantu ya zo, littafin shirin darasi yake nema da rajista, ya ga ko an cinye manhajar zango. Da wuya ka ga ya kira yaro daga layin baya ya miƙa masa takarda.

An yi gwaje-gwaje masu kyau a nan gida. Shirin RANA na UNICEF ya koyar da karatun Hausa a Katsina da Zamfara, wani shiri da Amurka ta ɗauki nauyi ya yi irin haka a Bauchi da Sakkwato, da littafin ɗalibi da jagorar malami darasi-darasi. Akwai kuma dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, wadda aka gwada a Borno da wasu ƙananan hukumomin Kano: a auna yara ɗaya bayan ɗaya, a raba su rukuni bisa inda karatunsu ya tsaya, ba bisa ajinsu ba, masu neman harafi daban, masu kalma daban, masu labari daban. In ka duba da kyau, tsarin allo ne ya dawo mana ta Indiya. Damuwar irin waɗannan shirye-shirye ɗaya ce, ranar da mai ba da tallafi ya naɗe tabarmarsa, littattafan da suka yage ba a sake bugawa.

Rubutu kuwa ya fi karatu zama maraya. Kalmar "rubutu" a makarantunmu abu huɗu take rufewa: gyaran hannu, kwafa daga allo, shifta, da insha'i. Ukun farko ana yi. Na huɗun, wanda shi ne yaro ya sa tunaninsa a takarda, an mayar da shi kwafa shi ma. Malam zai rubuta insha'i a kan "ni kaina" a allo da Turanci, ya bar gurbin suna da shekaru, yara su kwafe su haddace don jarrabawa. Sai ka ɗauki littattafan aji guda ka tarar duk ajin abinci ɗaya suka fi so, kuma dukkansu likita suke son zama. Yaro zai gama aji shida bai taɓa rubuta jimla ɗaya da ba wani ne ya fara rubuta ta ba.

Ana ɗauka sai yaro ya ƙware a karatu sannan a ce ya ƙirƙiri nasa. Ni ina ganin tare ya kamata su tashi, tun daga makon da ya mallaki baƙaƙe biyar da wasali biyu. Mai son rubuta "tukunya" dole ya tsaya ya faɗe ta a hankali, ya yayyanka ta, ya nemo wa kowane sauti harafinsa. Aikin karatu ne aka biyo ta baya, kuma ya fi kama ƙwaƙwalwa. Ga malami kuma babu madubin da ya kai wannan. Yaron da ya rubuta "hanu" maimakon "hannu" ya nuna maka bai fara jin ninkin baƙi ba. Wanda ya rubuta "tkny" ya nuna yana jin baƙaƙe, wasula ne ba su zauna ba. Shafin da aka kwafa tsaf daga allo ba ya gaya maka komai sai cewa idon yaron lafiya lau.

Na taɓa zama a bayan wani aji biyu na makarantar gwamnati, na ga wata malama ta yi abin da har yau nake tunawa. An dawo daga tara, yara na ta hayaniya, sai ta ce, "Wa ya ga abin dariya a gida jiya?" Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce akuyar maƙwabtansu ta cinye littafin yayansa. Aji ya fashe da dariya. Malama ta juya allo ta rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, tana furta kowace gaɓa da ƙarfi alli na bin bakinta. Suka karanta tare, ta goge "akuyar" ta ce wa zai zo ya mayar da ita, hannuwa suka tashi. Daga nan ta ce kowa ya rubuta abin da ya faru bayan nan, yadda ya ga dama. Ajin da ba ya shiru ya yi tsit. Na leƙa littafin wani yaro kusa da ni, ya rubuta: "yaya yabi akuya da gudu yafada kwata". Malama ta zo ta karanta, ba ta ciro jan biro ba. Ta ce, "Subhanallahi! Da ya faɗa kwatar, me Inna ta ce?" Yaro ya sunkuya ya ci gaba da rubutu. Sai a ƙarshen darasi ta ɗauki abu ɗaya tak ta yi wa kowa bayani a allo, cewa "ya" daban ake rubuta shi, "bi" daban. Lanƙwasar ɗ ta bar ta sai wani jiƙon. Alli guda ta kashe a darasin nan.

Kayan ƙirƙira ma ba sai an sayo ba. Yaron da ya taɓa jin "ga ta nan ga ta nanku" ya amsa "ta zo mu ji ta" ya riga ya san ginin labari: Gizo yana kwaɗayin wani abu, ya ƙulla dabara, ta ci sau ɗaya, ta ci sau biyu, a na uku asiri ya tonu, ƙurunƙus. A ce masa ya sauya ƙarshen, ko ya rubuta abin da Ƙoƙi ta faɗa da Gizo ya dawo gida a jiƙe, ko ya ƙago kacici-kacici a kan wayar salula. Abu ɗaya nake roƙon malamai su sassauta, wato tilasta wa kowane labari ya ƙare da darasin tarbiyya. In yaro ya gane abin da malam ke son ji ke nan, duk labarinsa zai koma na yaro mai biyayya da ya ci jarrabawa, akuya da kwata su ɓace. Haka nan maganar karin harshe. Ɗan Sakkwato da ya rubuta "shina zuwa" ko "hwara" bai yi kuskuren ji ba, abin da ke bakinsa ya zana daidai. A yaba masa, sannan a nuna masa yadda daidaitacciyar Hausa ke rubuta shi.

Kada a ce ina cewa a bar ƙa'ida. Dubi abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook: marubuta labarai birjik, yawancinsu mata, masu basira da dubban mabiya, amma "yanxu" da "xan xo" da kalmomi a cure wuri guda ba aya ba waƙafi. Sha'awar ba da labari ba ta mutu ba, makaranta ce ba ta haɗa ta da ƙa'idar rubutu ba. Gyara wajibi ne, sai dai a yi shi ɗaya-ɗaya, bayan an nuna wa yaro an ji abin da ya ce. Shafin da ya dawo jajawur yana koya masa ya taƙaita, ya tsaya kan kalmomin da ya tabbata ba za a soke ba.

In yaro ya fara karantawa kuma sai a sami abin da zai karanta, in ba haka ba hannu ya koma baya. Wannan matsala tsohuwa ce. A 1933 Rupert East na hukumar fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa saboda waɗanda suka koyi boko ba su da abin karantawa don nishaɗi, kuma cikin waɗanda suka amsa kiran akwai malaman makaranta. Yau firamare nawa ce ke da ko kwali ɗaya na ƙananan littattafan labari na Hausa da yaro zai ara ya kai gida? Inda babu, labaran da yaran suka rubuta da kansu, a gyara a liƙa a bango, su ne laburaren farko. Lokaci kuma ba ya jira. Daga aji huɗu ba a ƙara koyar da karatu, da karatun ake koyon lissafi da kimiyya da sauran darussa. Wanda ya iya yana ƙara karantawa yana ƙara sanin kalmomi, wanda bai iya ba yana ƙara gudun littafi, tazarar na faɗaɗa kowane zango. A aji shida sai a tashi da lasin na yamma don jarrabawar shiga sakandare, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin in bar gidan ƙanwata ta kawo mini katin sakamakon yarinyar. Turanci 78, lissafi 71, an yaba ɗabi'arta da tsaftarta, ta zo ta biyar cikin yara 62. Na duba katin gaba da baya, babu gurbin da ke cewa ko za ta iya karanta jimlar da ba ta taɓa gani ba, ko ta rubuta abin da ta ci da safe. Yara 57 ne a bayanta.